Yadda Za Mu Gyara Takardarmu ta Neman Aiki

Wanga jawabi ɗaya daga cikin malamman lakwal ɗin garinmu ne ya yi shi ranar taron ƙungiya na bayan girbi. Mun buga shi duka saboda ƴan'uwanmu da ke Maraɗi da Yamai, da waɗanda sunka tafi ci-rani. Wanda ya karanta ya miƙa ma na kusa da shi.

 

Mai girma maigari, malam liman, shugaban ƙungiya da ƴan biro, iyayenmu maza da mata, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku da gajiyar aikin gona, ina yi muku barka da girbi. Ina roƙon gafarar manya, tunda yaro ne zai yi magana gabansu. Biro ya tsayar da ni ne saboda kusan kowane yaro na garin nan da zai kai dosiye wani wuri, sai ya biyo ta ƙofar gidana ya ce: "Mushe, duba mini." To, abin da nake faɗa ma ɗaya ɗaya cikin zaure, shi ne zan faɗa yau gaban kowa.

Maganar tawa kan takarda guda ce, wadda masu ɗaukar aiki ke kira CV, mu kuma muke cewa sebe. Sunan ya fito daga harshen Latin, ma'anarshi tafiyar rayuwar mutum. Takarda ce da mutum ke rubuta wane ne shi, me ya karanta, me ya taɓa aikatawa, me ya iya. Kada mu haɗa ta da demand, wadda ita roƙo ne kawai cikin layi biyar ko shida. Kada kuma mu haɗa ta da wasiƙar da mutum ke bayyana dalilin da ya sa yake son aikin. Cikin dosiye, sebe ce mai ɗaukar aiki ya kan fara buɗewa. In ba ta riƙe idonshi ba, sauran takardun da wahala ya duba su.

Bari in fara da kaina, don kada a ce mushe yana wa'azi da laifin wasu. A shekarar 2009, bayan na samu BEPC, kafin in shiga makarantar horon malammai, na je wani siber a Maraɗi na biya anka buga mini sebe. Na yi mata hoto har 20. Na bi birni ina rarrabawa kamar goron ɗaurin aure: kanti na ba su, kamfanin mota na ba su, gidan magani na ba su, ƙungiyar agaji na ba su. Na dawo gida na sa salula gaba ina jira. Wata huɗu ba wanda ya kira ni. Na ce ƙasa ta lalace, sai mai hanya. Daga baya wani dattijo da ya daɗe yana aikin sakatare ya karɓi takardar ya karanta, ya dube ni ya ce: "Ɗana, na ga ka ce kai mai ƙwazo ne, mai haƙuri, mai son aiki. To me ka taɓa yi?" Na ce na yi shekara biyu ina riƙe ma kawuna littafin bashi a shagonshi. Ya ce: "Ina ka rubuta shi?" Ban rubuta ba. A ganina wannan ba aiki ba ne, taimakon gida ne.

Bara kuma anka sa ni cikin mutum uku da za su zaɓi mai tsaron magaza na wani bankin hatsi. Mun karɓi dosiye 31. Cikinsu 9 sebe ɗinsu iri guda ce, kalma da kalma, suna kaɗai anka canza. Wata yarinya an rubuta mata "né", irin na namiji, don takardar wani anka ɗauko. Wani yaro kuma mun so mu kira shi, munka buga lambar da ke bisa takardarshi, sai wani mutum daban ya ɗauka a Tawa, bai ma san zancen ba. Ashe mai siber ya manta bai goge lambar mai takardar farko ba. Wanga yaro ya rasa aiki bai san dalili ba, kuma na tabbata har yau yana cewa an yi mishi rashin adalci. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ga abin da nake so mu riƙe yau. Sebe riga ce. Tela na ƙwarai ba ya yanka yadi sai ya gwada mai riga. Nan akwai awo biyu: awon kanka, da awon aikin da kake nema. Kowane aiki da irin ɗinkinshi.

Na farko, awon aikin. Yana cikin sanarwar ɗaukar ma'aikata. Yaranmu da yawa, da sun ga sanarwa an liƙa a meri ko an turo ta WhatsApp, abu biyu suke dubawa: sunan aikin da ranar rufewa. Ku zauna da fensir ku karanta ta sau uku. Karo na farko ku ja layi ƙarƙashin sharuɗɗa: wane diflom, shekara nawa na aiki, waɗanne harsuna, wane permi. Karo na biyu ku ja layi ƙarƙashin ayyukan da za a ba mutum. Karo na uku ku duba takardun da ake so, da wurin kai su, da rana da awa. Daga nan ku raba takarda gida biyu. Hagu ku rubuta abin da sunka nema, dama ku rubuta abin da kunka taɓa yi wanda ya yi daidai da shi. Abin da ya fito dama, shi zai hau saman sebe. In kun ga gefen dama ya zauna fanko, musamman wajen diflom ko permi da anka ce tilas ne, ku adana kuɗin motarku, wannan aiki ba naku ba ne tukuna.

Ku yi amfani kuma da kalmomin da sanarwar ta yi amfani da su. In sun rubuta "gestion de stock", kai kuma abin da ka yi ke nan a shago, rubuta shi da wannan suna. Mai karanta dosiye ɗari ido yake bi da shi yana neman kalmomin da ya sa cikin sanarwa. Wasu manyan ƙungiyoyi da ke karɓar dosiye ta intanet ma, na'ura ce ke fara tacewa kafin mutum ya gani, ita kuwa kalma take nema.

Bari in ba ku misali. Mu ɗauki yaro mai BEPC da permi B. Ya yi shekara biyu yana tsaron shagon hatsi a kasuwa, ya shiga aikin rigakafin shan-inna sau huɗu, yana kuma tuƙa motar wani alhaji ranakun kasuwa. Ga aiki uku sun fito.

In mai tsaron magaza ake nema, shago zai sa a sama. Ya rubuta daga wane wata zuwa wane wata, buhu nawa ke ratsa hannunshi, yadda yake rubuta shiga da fita cikin littafi, da ƙidayar kaya da yake yi ƙarshen kowane wata. Tuƙi ya koma ƙasa, layi guda ya ishe shi.

In direba ake nema, permi ne zai hau sama, da irinshi da shekarar da ya same shi. Ya faɗi irin motar da ya tuƙa, da hanyoyin da ya sani, kamar Maraɗi zuwa Dakwaro ko Maraɗi zuwa Tasawa, ya faɗi ko ya saba da rairayi, ko ya iya canza mai da ƙaramin gyara. In sanarwa ta ce permi C ko D ake so, na manyan motocin kaya ko na ɗaukar mutane, to B ɗinshi bai kai ba.

In kuwa mai faɗakar da jama'a wata ƙungiya ke nema, rigakafi ne kan gaba: wace shekara, ƙarƙashin wane gidan likita, ƙauye nawa ya zagaya, yadda ya shawo kan magidantan da sunka ƙi, da takardun ƙidaya da yake cikawa kowane maraice.

Kun gani, yaro guda ne, bai ƙara ko ƙwayar ƙarya ba, amma sebe uku sunka fito. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Na biyu, awon kanka. Nan ne mu mutanen ƙauye muke cutar kanmu, don muna rena abin da munka iya. Muna tsammanin aiki sai wanda anka yi cikin biro da albashin wata. Wanda ya riƙe littafin bankin hatsi, yana auna tiya yana rubutawa, ya yi aiki. Wanda ya zauna cikin kwamitin kula da lakwal, ko na famfon gari yana tara kuɗin ruwa, ya yi aiki. Wanda ya koyi walda, ko gyaran babur, ko haɗa hasken rana wurin wani uban gida, ko a cibiyar koyon sana'a ta kwamin, ya rubuta. Ƙannena mata, ku saurara da kyau. Asusun Mata Masu Dubara nan jihar Maraɗi anka fara shi a shekarar 1991, yau an kwaikwaye shi cikin ƙasashe da yawa. Yarinyar da ta yi shekara uku tana rubuta zubi da bashi na mata 25 ba tare da dala ta ɓata ba, ta san riƙon kuɗi, kuma tana da shaidu 25. Amma in ta zo rubuta sebe sai ta bar wurin aiki fari fat, ta ce ba ta taɓa aiki ba.

Sai dai yadda ake faɗin abu shi ke ba shi nauyi. Kowa na iya rubuta "dynamique" da "motivé". Cikin dosiye 31 da na ce muku, kusan duka sun rubuta su, saboda haka ba su bambanta kowa da kowa ba. Ku bar yabon kai, ku kawo aikin da lissafinshi. Maimakon "na iya hulɗa da jama'a", a ce: "Na jagoranci taron faɗakarwa a ƙauye 6 cikin shekarar 2023." Maimakon "ina da amana", a ce: "Na riƙe kes ɗin famfo shekara 2, ina ba da lissafi gaban taro kowane wata uku." Kowane layi ya amsa tambaya huɗu: me ka yi, ina, yaushe, nawa. Lissafin kuma ya zama na gaskiya, wanda in an tambaye ka tsakar dare za ka maimaita shi.

Haka wajen harsuna. Da yawa suna rubuta Faransanci su tsaya, wasu su ƙara Ingilishi da ba su ji, su manta da Hausa. Tun shekarar 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko kafin haka, duk mai aiki cikin ƙauyuka yana bukatar wanda zai yi magana da talakawa su gane. Ku rubuta Hausa, ku ce ko kun iya karanta ta da rubuta ta. Mai jin Fulatanci, ko Zabarmanci, ko Buzanci, ko Barbarci ya sa. Wanda ya yi makarantar allo ya iya rubutun ajami ko yana jin Larabci, shi ma ya sa. Kowane harshe a faɗi iyakar inda anka kai cikinshi.

Masu zuwa ci-rani, ku ma kada ku ɓoye. In mutum ya bar shekara uku ba bayani cikin sebe, mai karatu zai cika wurin da nashi zato, zato kuwa ba ya faye kyau ba. Ka yi aikin gini a Abija, ko ka yi tireda a Kano, ko gadi a Agadas, rubuta shi da shekarunshi. In noma ka yi a gida, rubuta noma. Ba abin kunya ba ne.

Na uku, gaskiya. Na san wani ƙanenmu da ya rubuta ya ƙware da Word da Excel, alhali sau biyu ya taɓa zama gaban kwamfuta. Takardar ta yi kyau, anka kira shi. Ya ci bashin kuɗin mota ya tafi. Da ya isa, ba su tambaye shi kome ba, sunka zaunar da shi gaban na'ura sunka ce ya tara musu lissafin buhu goma. Ya yi zufa ya tashi. Da ya rubuta cewa yana kan koyo, wataƙila da sun ɗauke shi wani gurbin, tunda yaro ne mai hankali. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Game da diflom na jabu ko takardar shaidar aiki ta saye kuwa, wannan ya wuce kunya, laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali. Yanzu kuma akwai manhajoji cikin salula, irin su ChatGPT, da ke rubuta ma mutum sebe cikin minti guda da Faransanci mai santsi. Ban hana ku sa su gyara muku kuskuren rubutu ba. Amma suna iya ƙara muku abin da ba ku yi ba, ko su sa kalmar da ba ku san ma'anarta ba. Duk layin da ba za ka iya kare shi da bakinka ba ranar ganawa, goge shi.

Wata dabara da za ta taimaki gaskiyarku: duk inda kunka yi aiki, ko na kwana goma ne, ko estaj ne, ku roƙi takardar shaida da sa hannu da hatimi tun kafin ku bar wurin. Bayan shekara biyu shugaban ya canza, porje ya rufe, ba wanda ya san ku. In an nemi sunayen mutanen da za su shaide ku, ku ba da waɗanda sunka ga aikinku da idonsu, kuma ku nemi izninsu tukuna.

Na huɗu, tsarin takardar. Shafi guda ya ishi mai fara nema, wanda ya daɗe yana aiki kada ya wuce biyu. A sama suna, kuma a rubuta shi daidai yadda yake cikin takardar haihuwa da diflom. Mu nan mutum guda yana iya zama Mahamadou wuri guda, Mamane wani wuri. In takardunku sun saɓa ma juna, ku je ku gyara tun aiki bai fito ba. Sai lambar salula wadda ke aiki, a hannunku take, ba ta abokin da ke wani gari ba. Tunda rezo na wahala garin nan, ku ƙara lamba ta biyu ta wani na gida da ke birni, ku gaya mishi. Mai adireshin imel ya sa mai ɗauke da sunanshi na gaskiya, ya bar laƙabin fada, ya riƙa buɗe shi kuma. Ayyuka da karatu a jera su daga na baya-bayan nan zuwa na da. Wanda bai da aiki da yawa ya fara da karatu, wanda ya yi aiki ya fara da aiki. Hoto in an nema, a sa irin na kartin ɗan ƙasa, a bar na ranar salla. A ƙarshe a sa kwanan wata da hannu. In ta intanet za a aika, a maida takardar PDF, a sa mata sunan mai ita, kada a ɗauki hotonta bisa tabarma da inuwar hannu a ciki. Kafin ta fita, mutum biyu su karanta ta. Ni da nake gyaran dikte kullum, ina yin kuskure cikin tawa, sai wani ya nuna mini.

Sauran takardun dosiye kuma a shirya su tun da wuri: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, hoton diflom da anka buga ma hatimi a meri ko kwamisariya, da kaziye na gidan shari'a, wanda galibi ake so kada ya wuce wata uku. Diflom na asali ba a barin shi hannun kowa, hotonshi ake bayarwa. Hukumar samar da aiki ta ƙasa, ANPE, tana da reshe a Maraɗi, can ake yin rajista a karɓi kartin mai neman aiki, kuma sanarwa da yawa na neman shi cikin dosiye. Wanda kuma ya kira ku ya ce ku turo kuɗi ga lambarshi don ya sa sunanku, ɓarawo ne. Kuɗin konkur na hukuma wuri sananne ake biyansu, a ba mutum kitansi.

Na ga wasu can baya suna murmushi, na san abin da ke ransu. Suna cewa: "Mushe, duk wannan wahalar banza ce, aiki sai da hanya." Ba zan tsaya gaban iyayena in ce babu son kai a duniya ba. Akwai shi, kuma masu nema sun fi guraben aiki yawa nesa ba kusa ba. Sebe mai kyau ba ta ba kowa tabbacin aiki. Amma na zauna na ga yadda ake zaɓe da idona. Ranar nan ba wanda ya kira mu ya ce a ɗauki wane. Mun nemi wanda za mu ba amanar hatsin jama'a, munka rasa gane shi cikin takardu, saboda waɗanda sunka cancanta ba su faɗi abin da sunka iya ba. Wadda munka ɗauka, sebe ɗinta rabin shafi ce. Ta rubuta shekarun da ta riƙe littafin asusu, ta kawo littafin kanshi ranar ganawa. Hanya ba ta hannunmu. Takarda tana hannunmu, sai mu gyara abin da muke da iko da shi, mu bar ma Allah sauran.

Iyayenmu, ku ma kuna da naku. Ku yi ma jarirai takardar haihuwa cikin lokaci. Ku adana takardun ɗiyanku cikin leda cikin akwati, nesa da gara da ɗigon damana. In yarinya ta ce za ta kai dosiye, a taimaka mata da kuɗin mota kamar yadda ake taimakon ɗan'uwanta.

Daga ƙarshe ina kawo shawara gaban biro. Ni da abokan aikina mun yarda, in maigari da direktan lakwal sun amince, kowace Asabar ta farkon wata bayan la'asar mu zauna cikin aji guda. Duk mai neman aiki ya zo da takardunshi, da sanarwar da ya gani, da kaye guda. Cikin kayen zai rubuta duk abin da ya taɓa yi tun da ya bar lakwal, da shekara da lissafi. Wannan kaye shi ne yadinshi, daga ciki za a riƙa yanka ma kowane aiki rigarshi. Ba mu karɓar ko dala. Ƴan'uwanmu ma'aikata da ke Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, muna roƙon ku in kun ga sanarwa ta gaskiya ku turo ma sakataren ƙungiya da wuri, kada ta iso mu ana gobe rufewa.

Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure, manya su gyara mini. Allah ya ba yaranmu abin yi na halal, ya sa albarka cikin abin da munka girbe, ya ba ƙasarmu Nijar lafiya da kwanciyar hankali.